Maikurobayoloji ko MLS: kafin ka cike fom ɗin JAMB

Abin yana ci mini rai in ga ɗalibi ya kai aji uku a Maikurobayoloji, wato ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani, kafin ya gano cewa digirinsa ba zai ba shi lasisin gwada jinin marasa lafiya a asibiti ba. Da yawa sun ɗauka kwas ɗaya ne da MLS, wato kimiyyar ɗakin gwaje-gwajen asibiti, tunda duka biyun farar riga ake sawa ana leƙa madubin ganin ƙwayoyin halitta.

MLS shekara 5 ne, sannan shekara ɗaya ta horon aiki a asibiti, kuma hukumar MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke ba da lasisi. Ana yin sa a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Gurabensa kaɗan ne, masu nema kuwa kamar ƙasa, don haka sai makinka ya yi tsini. In asibiti ne burinka, nan za ka dosa, ko da za ka sake zana jarabawa.

Maikurobayoloji kuwa shekara 4 ne, kuma fagensa ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Za ka karanci bakteriya da bairos da fangas, masu cutarwa da masu amfani. A nan za ka san cewa bakteriyar Bacillus ce ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, wasu kuma su ke sa madara ta yi tsami ta zama nono. Ranar da ka fara rina samfuri da rinin Gram, ka ga wasu ƙwayoyin sun fito shuɗi mai duhu wasu ja-ja, ranar za ka san ko kana son abin. Aiki yana kamfanonin abinci da magunguna da na ruwan sha, da NAFDAC, da cibiyoyin bincike irin ta dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Amma gaskiya ɗaya ce: masu wannan digiri sun yi yawa, kuma wanda ke son bincike ko koyarwa a jami'a sai ya ƙara da digiri na biyu.

Akwai kuma SLT, wato fasahar aikin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, a kwalejin kimiyya da fasaha: ND shekara 2, HND shekara 2, ga mai son aikin hannu da wuri.

In ka tsayar da Maikurobayoloji, kada sunan jami'a ya ruɗe ka. Nemi ɗan aji uku a sashen, ka tambaye shi: sau nawa ya zuba samfuri a farantin renon ƙwayoyi da hannunsa? Mutum nawa ke layi a kan madubi ɗaya? In an ɗauke wuta, akwai janareta da zai riƙe na'urar renon ƙwayoyi har gari ya waye? Ka kuma ji inda 'yan sashen ke samun gurbin SIWES, wato horon koyon aiki a ma'aikata da ɗalibi ke yi kafin ya gama karatu.