Duwatsun Delica na Japan: wata shida ina saƙa da su a Jos

Dagin Arewa ne ya jawo mini wannan kashe kuɗin. Shekara uku ina son in saƙa shi a abin hannu da ƙananan duwatsun ado, amma duk lokacin da na gwada sai ya fito kamar wanda tirela ta bi ta kansa, gefe ɗaya a kumbure, ɗayan a shanye. Na ɗora wa idona laifi, na canza tabarau. Na ɗora wa zare, na canza shi. Sai wata rana na juye duwatsun da nake saye a leda a kasuwar Taminus ta nan Jos cikin farin faranti, na fita da su tsakar gida na ƙare musu kallo. Da ƙyar ka sami biyu da suka zo ɗaya. Wani kamar ƙwayar gero, wani kamar ta acca, wani ma raminsa a toshe. Ashe ni da tabarau duk ba mu da laifi.

Ba sana'a nake yi da su ba. Koyarwa nake yi a wata firamare a nan Jos, jeren duwatsu kuwa abin bayan la'asar ne, in na gama duba aikin yara na ɗora tukunya. Abin da na saƙa, kyauta yake tafiya: 'yan kunne ga ɗiyar maƙwabciya, abin wuya ga amarya, carbi ga tsohuwa. Don haka wadda take neman lissafin riba ta riƙe wannan a ranta, ni sha'awa ce ta kai ni.

Duwatsun da na koma wa su ne Delica. Kamfanin Miyuki ne ke yin su, a garin Fukuyama da ke yankin Hiroshima a Japan. An kafa kamfanin a 1949, wannan samfurin kuma ya fito a 1982. Bambancinsu da duwatsun da muka saba shi ne siffa. Namu masu ciki ne, kamar ƙaramin kabewa. Su kuwa kamar an ɗauki siririn bututun gilashi an yayyanka shi daidai wa daida, gefensu a miƙe, raminsu da faɗi. Girman da na saya shi ake kira 11/0, faɗin ƙwaya ɗaya wajen milimita 1.6, kuma giram ɗaya yana ɗauke da kusan ƙwaya 200. Kowane launi da lambarsa: baƙi DB10, fari sol DB200. Wannan lambar kaɗai ta burge ni, don na sha wahalar komawa kasuwa neman irin jan da ya ƙare mini a tsakiyar aiki, mai kaya ya miƙo wani jan daban yana rantsuwa shi ne.

A watan Agusta na yi oda wajen wata mai sayarwa a Instagram da ke Abuja, bututu takwas, kowanne giram 7 da 'yan kai. Kuɗin bututu ɗaya zai cika mini jaka da na Taminus har in sami canjin keke. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a 2023, duk abin da ya tsallako teku sai ka yi ta maza, wannan kowa ya sani. Abin da ya ɓata mini rai shi ne alkawari. Ta ce kwana uku, kaya suka yi kwana goma sha ɗaya, a hanyar da mota ke bi ta Keffi da Akwanga ta iso kafin rana ta faɗi. Kullum na kira sai "Hajiya ki yi haƙuri, direban ne." Da suka iso kuma, bututu ɗaya, na ruwan azurfa, murfinsa ba shi da lamba, an manna takarda an rubuta da biro. Na yi shiru a lokacin. Zan dawo kansa.

Daren da na fara saƙa da su, sai da maigida ya leƙo sau biyu yana cewa, "Malama, gobe fa akwai makaranta." Saƙar da nake yi ita ake kira feyoti, wadda kowace ƙwaya ke shiga tsakanin biyu kamar jeren bulo a katanga. Da tsofaffin duwatsuna, sai na zaɓi ɗaya na ture uku kafin in sami wanda zai zauna. Da waɗannan kuwa, ka ja zare kawai ka ji ƙwaya ta faɗa gurbinta da wata 'yar ƙara, ƙas. Layi yana hawa kan layi, gefen a miƙe kamar an sa rula. Cikin kwana tara na gama abin hannun: faɗin ƙwaya 12 a wajen ɗauri, ya buɗe a tsakiya inda dagin yake, tsawo santimita 16. Ya ci ƙwaya sama da dubu. A duk cikinsu waɗanda na ware saboda karkata ba su kai goma ba. Dagin ya fito da kusurwoyinsa huɗu da lanƙwasarsa, fari a kan kore, har ka iya bin zaren da ido ka ga inda ya nutse da inda ya ɓullo. Na ajiye shi a kan tebur na yi ta kallo kamar ba ni na yi ba.

Faɗin ramin ba ƙaramin abu ba ne. A wannan saƙa zare yakan ratsa ƙwaya ɗaya sau uku, sau huɗu, musamman wajen ƙulla sabon zare ko ɗaura maɓalli. Da allura lamba 12 na wuce har sau biyar ba gardama. Sau ɗaya na fasa ƙwaya, shi ma ni na jawo: allura lamba 10, wadda ta fi lamba 12 kauri, na tura a ramin da ya riga ya cika, na kama ta da filaya na ja. Bangon Delica siriri ne, ba ya son a nuna masa ƙarfi. Na koyi in sauya allura maimakon in yi kokawa. Zaren da ya fi yi mini shi ne FireLine, wanda asalinsa na masunta ne, don ba ya tsittsinkewa a bakin gilashi. Zaren ɗinki na tela kada ma a fara.

Sai hunturu ya shigo. Wanda ya san Jos a Disamba ya san yadda iska ke bushewa, leɓe ya tsage, ka taɓa ƙofar mota ta ba ka shokin. To wannan wutar da ke taruwa a jikin roba ta sa duwatsun suka zama kamar masu rai. Ka buɗe bututu su manne a jikinsa, ka zuba a murfin roba su yi ta tsalle suna bin yatsa. Da yake ba su da nauyi ko kaɗan, abin ya fi na sauran duwatsu. Rabin giram na shuɗi ya tafi a ƙarƙashin kujera, auta ta share da tsintsiya. Maganin da na samu tsohon ƙyallen karammiski ne da na yanko daga wata rigar da aka daina sawa, na shimfiɗa a cikin tire. A kansa suna zama lafiya, allura kuma tana ɗaukarsu cikin sauƙi. In yatsu sun yi sanyi da safe, ba na ma taɓa su, sai rana ta ɗaga.

Ranar Asabar nakan taka zuwa gefen dam ɗin Lamingo da ƙawata, mu zaga mu dawo, wani lokacin in zauna a kan dutse in yi layi biyu-uku. Wannan aikin ba na waje ba ne, gaskiya. Iska kaɗan ta kaɗa, dukiyarka ta bi ciyawa. Abin da nake ɗauka yanzu littafi ne, saƙar kuma ta jira gida. Amma littafin ma bai tsira ba, don abu na biyu da na saƙa alamar shafi ce, siririya mai ƙwaya 8, da 'yar tunku a ƙarshe. Nan ma sun yi rawar gani: saƙar a shimfiɗe take kamar ƙyalle, ba ta kumbura littafi, ba ta huda takarda.

Babban gwaji ya zo a hutun Disamba, da na je Legas wajen ƙanwata da ke aure a Agege. Mu mutanen tudu, da muke zaune sama da mita 1,200 daga teku, ganin ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar sai ya sa mutum ya yi tsit. Mun je Badagry, muka shiga kwalekwale muka tsallaka zuwa Gberefu, muka bi hanyar yashin nan da aka riƙa kora bayi zuwa jirage, har muka ɓulla bakin teku cikin itatuwan kwakwa. Mun daɗe muna tafiya a gaɓa, takalma a hannu, ina tsintar ƙananan ɓawon katantanwa masu rami ina zubawa a gefen mayafi. Ina sanye da abin hannu biyu: na dagin, da wani na baƙi da ruwan azurfa. Igiyar ruwa ta jiƙa su, gumi ya jiƙa su, ga zafin Legas mai ɗanko.

Bayan kwana huɗu ƙanwata ta kama hannuna ta ce, "Yaya, wannan ai ya fara zama toka-toka." Na duba. Na dagin yana nan garau, korensa da farinsa ko gezau, na wanke da ruwa yashi ya fita. Na azurfan kuwa ya koɗe a duk inda yake gogar fata, gilashin ciki ya bayyana. Wannan shi ne bututun nan mai rubutun biro. Da na zuba ragowar a faranti na kwatanta da sauran, sai na ga wasu sun fi wasu tsawo, abin da ban gani ba a bututu bakwai. Na tura wa mai kayan hoto, ta ce haka aka kawo mata, daga nan ba ta sake amsawa ba. Amma ni ma da nawa sakacin. Duwatsu iri biyu ne a wajen launi: akwai wanda launin a cikin gilashin yake tun daga narkawa, akwai wanda shafa shi aka yi a baya, kamar masu ruwan ƙarfe da waɗanda aka rina. Na farkon ba ya koɗewa. Na biyun gumi da turare da gogayya suna cinsa, kuma kamfanin da kansa yana fitar da jadawalin da ke nuna ƙarkon kowane launi, har yana da wani irin shafen launi mai ƙarko da ya sa wa suna Duracoat. Ban duba ba kafin in saya, ƙyalli ne ya ja ni.

Akwai kuma inda ba su dace ba sam, ko da na asali ne. Na gwada jera su a zare ɗaya don jigida, sai abin ya fito kamar wayar lantarki, ba lanƙwasa, ba rausaya. Jigida tana son dutse mai ciki wanda zai mirgina a jiki. Na Taminus ɗin da na raina sun fi su nesa ba kusa ba a nan, haka ma na ƙasar Cek masu zagayen jiki. Ɓawon katantanwar da na tsinto ma sun ƙi zama da su, kamar an haɗa ɗan ƙauye da ɗan boko a tabarma ɗaya.

Goggona, wadda ke da tsohon murjani da duwatsun Bida a cikin kwalla tun na aurenta, ta juya abin hannun dagin a tafinta ta ce, "'Yar nan, ya yi kyau, amma kamar ba hannu ya yi ba." Na so in ji haushi, sai na ga tana da hujja. Duwatsun da Masaga, masu sana'ar gilashi, ke yi a Bida, daga narkakken gilashin kwalabe, kowanne da kamanninsa, wani da 'yar kumfa a ciki, wani da karkace, kuma wannan aikin hannu na cikin abin da ya sa UNESCO ta sa Bida a jerin biranen fasaha a 2021. Da muka kai 'yan aji biyar gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, yara suna kallon fuskokin gumakan Nok, ni kuwa wuyansu da hannuwansu nake kallo, jere a kan jere na duwatsu da aka zana a yumɓu. Na kuma karanta cewa a tonon da aka yi a Igbo-Ukwu da ke jihar Anambra a 1959 da 1960 an sami duwatsun ado sama da dubu ɗari, na wajen shekara dubu da suka wuce. Ba wanda ya auna musu milimita, kuma sarakuna suka sa.

Saboda haka ga yadda na raba su a gidana. Duk aikin da yake da zane, harafi ko dagi ko fure, wanda ƙwaya ɗaya in ta kauce kowa zai gani, Delica nake ɗauka, kuma ban yi da-na-sanin kuɗin ba. Wadda take fara koyo kada ta fara da su, ta ɓata na leda tukuna har hannunta ya faɗa. Wadda za ta saya ta nemi a nuna mata lambar launi a jikin bututun kafin ta tura kuɗi, ta kuma zaɓi masu launi a cikin gilashi in abin na sawa kullum ne. Bututu uku sun isa farawa, takwas ɗin nan zumuɗi ne.

Yanzu saura kore kaɗan, kuma ƙanwata ta riga ta aiko da awon hannunta ta WhatsApp, wai ita ma dagi take so, ja a kan baƙi. Zan nemi wata mai sayarwar. Ɓawon katantanwar kuwa na jera su da duwatsun Bida guda shida da Goggo ta ciro mini daga kwallar, bayan ta sa na yi alkawarin ba zan haɗa su da "na Japan ɗin nan" ba.