Tubalin ƙasa na inji ko bulon siminti?

Malam, tunda ka ce a zaɓa maka tsakanin tubalin ƙasa da ake matsawa da inji da bulon siminti, ba zan yi maka kwana-kwana ba: ɗauki na ƙasa. Amma akwai sharuɗɗa, ka daure ka karanta su.

Da shi aka gina gidan da nake ciki. Bangon falona yamma yake kallo, rana na dukansa tun daga azahar har ta faɗi. Da la'asar in ka ɗora tafin hannu a kansa ta waje, da sauri za ka janye. Ka zagayo ciki ka taɓa daidai wurin, sai ka ji shi da sanyinsa. Wani abokin aikina ya taɓa kawo min ziyara ana tsananin zafi, muna hira yana ta ɗaga kai yana leƙen saman bango. Can dai ya kasa haƙuri ya ce, "Wai ina kuka ɓoye na'urar sanyin ne?" Fanka ce kawai ke juyawa, ita ma a lamba ɗaya.

Dalilin a fili yake. Bango mai kauri wanda ba rami a cikinsa a hankali yake shan zafi, ya riƙe shi, sai an ɗauki sa'o'i kafin ya ratso ciki. Kafin nan dare ya yi, iskar waje ta huce, ka buɗe tagogi ta kwashe shi. Sai dai wannan ya fi aiki a inda rana ke ƙuna dare kuma ya yi sanyi. Idan inda kake ko da dare gumi ake yi saboda danshi, kaurin bango kaɗai ba zai fisshe ka ba, sai ka haɗa da manyan tagogi masu kallon juna.

Bulo kuwa, to, yana ɗaukar gini. Ko'ina akwai shi, kowane birkila ya iya jera shi, kuma ruwa bai cika yi masa illa ba. Iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan. Da shi aka yi ɗakin ajiyar da ke bayan gidana, kuma da yamma ko yara ka aika ciki sai sun yi ƙorafi.

Ta fuskar muhalli, matsalar tana wajen simintin. Ana gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai kusan digiri 1,450, kuma ba daga makamashin da ake ƙonawa kaɗai iskar kabon ke fita ba, dutsen kansa yana sakin ta idan ya gasu. Shi ya sa ake ɗora wa masana'antar siminti kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Tubalin inji ba a gasa shi, simintin da ake sa masa yawanci kashi 5 zuwa 10 ne cikin 100, kuma sau da yawa ƙasar tana nan kusa da filin, ba sai manyan motoci sun yi ta jigila ba. Amma a faɗi gaskiya: shi a cushe yake, bangonsa kuma ya fi kauri, don haka idan aka zabga masa siminti za ka iya tarar da simintin da ka ci ya kamo na bulo. Ribar tana wajen auna shi daidai, da barin bangon a fuskarsa ba tare da filasta ba, sai kuma wutar da ba za ka ƙona wajen sanyaya ɗaki ba har tsawon rayuwar gidan.

Kada wani ya ce maka gwaji ne sabo. Tun a shekarun 1950 wani injiniya mai suna Raúl Ramírez ya ƙera injin hannu na matsa tubalin ƙasa mai suna CINVA-Ram a birnin Bogota na Kolombiya, kuma har yau ana kwaikwayonsa. Francis Kéré, mai zanen gine-gine, ya gina makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso a 2001 da tubalin yumɓu mai ɗan siminti, a 2022 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine. Ka nemi hoton makarantar ka duba rufin da kyau: kwanon a ɗage yake sama da silin, iska na ratsawa ta tsakani, kuma ya zarce bangon sosai. Abin da zan so ka kwafa ke nan, domin zafin da ke shigowa ta rufi yakan fi na bango, kuma ruwa shi ne babban abokin gabar ginin ƙasa. Gidajen ƙasa masu hawa da yawa na garin Shibam a Yaman sun yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, amma ambaliyar 2008 ta yi musu ɓarna.

Don haka tushen ginin ka yi shi da dutse ko kankare, ko ma bulon, ya ɗago daga ƙasa kamar santimita 30 zuwa 45, a shimfiɗa abin tare danshi kafin a ɗora layin farko na tubali. Rufi ya zarce bango da aƙalla rabin mita. Banɗaki a sa masa tayil.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka: harkar nan akwai 'yan damfara. Wani zai nuna maka tubali ɗaya mai kyau a kan teburinsa, ranar kawo kaya ka ga wani abu daban. Wasu ƙasar sama suke kwasa, mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, alhali ta ƙasa ake haƙowa a tankaɗe. Wasu su rage siminti. Mafi yawa kuma gaggawa ce ke cin su: a buga yau, a shanya a rana, jibi a loda maka. Tubalin da aka sa wa siminti yana bukatar a rufe shi da leda, a riƙa yayyafa masa ruwa, ya yi kusan mako 4 kafin ya yi ƙarfi. Ka je wurin da kanka, ka zaro daga tsakiyar tarin da hannunka. Ka fasa ɗaya ka ga cikinsa, ka karta wani da ƙusa, ka jiƙa na uku a bokiti ya kwana. In da safe ka tarar ruwan ya zama taɓo ko gefen tubalin yana zubewa, ka kama gabanka, komai arahar da aka yi maka. In da hali, ka kai samfuri ɗakin gwaji a auna nauyin da zai iya ɗauka, musamman idan bene za ka yi.

Birkila ma ka tace shi. Kowa zai ce ya iya. Ka ce ya kai ka ginin da ya yi da irin wannan tubali wanda ya sha ruwan sama na shekaru, ka duba gindin bangon da ƙasan tagogi, sannan ka ba shi kuɗin somin aiki.