Hattara da mai sayar da maganaɗisun bututu da ƙwayoyin kulorin marasa suna

Ni ke kula da wurin ninkaya na wani otal. Duk mai wannan aiki ya san farin ɓawon nan da ke kama bututu da cikin tulun da ke sakin kulorin, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi. Kalsiyam ne. Ruwan burtsatsenmu da ma da shi yake fitowa, kulorin da muke sa wa tulun kuma mai kalsiyam ne, ga rana tana ƙafar da ruwa tana barin shi a baya.

Kwanakin baya wani mutum ya zo da jaka a kafaɗa, baki kamar zuma. Ya nuna wa manaja bidiyo a waya, ya fito da maganaɗisu da ake ɗaure wa bututu, wai daga ranar mun rabu da ɓawo har abada. Ya haɗa da bokitin fararen ƙwayoyi, ba tambari ba suna, ya ce mu zuba su a tulun. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bari mu gwada tukuna." Manaja ya ce ai injiniya ne. Aka biya kuɗin da ya kai albashina na wata biyu.

Bayan wata biyu na auna kalsiyam ɗin ruwan, yana nan sama da 400 ppm, wato kashi 400 cikin miliyan. Na buɗe tulun na kankaro ɓawo da wuƙa, na ɗiga masa binega, sai kumfa, alamar ɓawon kalsiyam ne dai. Maganaɗisu dai ya zama ado.

Ƙwayoyin ne suka fi tayar mini da hankali. Allah Ya sa ban zuba ba. Na narkar da ɗan guntu a kofi na gwada, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya faɗi ƙasa warwas, alamar wani nau'in kulorin mai tsami da ake kira trichlor ke nan, alhali namu mai kalsiyam sama yake kai shi. Waɗannan biyun idan suka haɗu a tulu ɗaya, suna iya yin zafi su fashe, su saki iskar kulorin mai shaƙe mutum. Kuma yara ke wanka a wurin nan.

Abin da ke rage ɓawo ba sirri ba ne. A riƙe pH tsakanin 7.2 da 7.6, kalsiyam tsakanin 200 da 400 ppm. In ya zarce, a zubar da wani kaso na ruwan a sake da wanda bai kai shi kalsiyam ba. Wankin tulu kuwa, a kashe famfo, a kwashe kulorin, a ɗauraye sosai, sannan a jiƙa shi da asid da aka tsarma, a fili, da safar hannu. Asid ake zubawa cikin ruwa, kada a zuba ruwa kan asid. In ragowar kulorin ta taɓa asid, iskar nan ce za ta taso.

Mun kira lambar mai maganaɗisun, a kashe take har yau. Bokitin yana nan a kulle shi kaɗai, nesa da ɗakin ajiyar kulorin.