Fentin Kwale-kwalen Alminiyum: Na Gwangwani Ɗaya ko Mai Haɗi Biyu?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya sayi tsohon kwale-kwalen alminiyum mai tsawon mita 4, fentinsa duk ya ɓaɓɓare. Yana tambaya ko ya yi amfani da faraimar fesawa mai asid (faraima ita ce shafin farko da ake yi kafin fenti) da fenti na gwangwani ɗaya, ko ya daure ya sayi ifoksi (faraimar da ake haɗawa daga gwangwani biyu) da fenti mai haɗi biyu.

Malam, kafin mu kai ga gwangwani, ka san halin ƙarfen. Alminiyum ba ya jan tsatsa, amma da zarar ka goge shi iska ta taɓa shi, wata siririyar fata ke rufe shi, ita ce ke hana fenti kamawa. Don haka ranar da ka goge, ranar za ka shafa faraima, kowacce ka zaɓa. Ka wanke maiƙo tukuna, sannan ka bi shi da samfefa mai lamba 80 zuwa 120. Kada ka kusance shi da burushin baƙin ƙarfe, don ɓurɓushinsa na maƙalewa ya riƙa cin jikin jirgin a ƙarƙashin fenti. Sodar da ake haɗa sabulu da ita ma ka nisance ta: tana cire fenti, tana kuma cinye alminiyum ɗin. Idan jirgin na ribiti ne, wato da ƙusoshi aka haɗa shi ba walda ba, ka ɗora shi a kan katako, ka zuba ruwa a ciki, ka leƙa ƙasa da alli a hannu kana zagaye duk ƙusar da ke ɗiga. Fenti ba ya toshe yoyo.

Hanya ta farko tana da sauƙi da arha. Faraimar mai asid tana ɗan cizon ƙarfen ta kama, shafi ɗaya siriri ya isa, ta bushe nan da nan. In jirgin ya gogi dutse, sai ka ɗauko burushi ka taɓa wurin. Aibinta, ba ta jure zama cikin ruwa. Jirgin da ke kwana a ruwa makonni, za ka ga ƙasansa ya fara ƙuraje.

Ifoksi kuwa katanga ce tsakanin ruwa da ƙarfe, amma tana da fitina. Dole ka auna haɗin daidai yadda aka rubuta a jikin gwangwani, kuma daga haɗawa ta fara daskarewa. A zafin Afrilu kana iya juyowa ka tarar da rolarka ta sandare a cikin kwano. Ka riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, a inuwa, da sassafe. Fentin sama mai haɗi biyu ya fi ƙyalli da ƙarko nesa ba kusa ba, sai dai tururinsa na illa ga huhu, musamman in fesawa aka yi, takunkumin ƙyalle kuma ba ya tare shi. Sannan ba ya zama a kan tsohon fenti na gwangwani ɗaya, yamutsa shi yake yi. Jiƙa tsumma da tina, ruwan tsinka fenti, ka ɗora a kan tsohon fentin na 'yan mintuna; in ya yi laushi, sai an kankare shi tas.

Da nawa ne, raba ƙafa zan yi: ifoksi a shimfiɗa ko'ina, fenti na gwangwani ɗaya daga bakin ruwa zuwa sama. In kuwa kullum kana jawo shi tudu bayan kamun kifi, hanyar farko ta ishe ka, ka riƙe kuɗinka.

Abu guda da ba zan sassauta ba: fentin hana gansakuka mai jan ƙarfe a ciki, kada ya taɓa alminiyum, huda shi yake yi sannu a hankali. Ka karanta gwangwanin, ka nemi wanda aka rubuta ya dace da alminiyum. In a hunturu za ka yi aikin, yayyafa ruwa a ƙasa ka kewaye wurin da tamfol, ko ka wayi gari da fenti mai kaushin samfefa.