Hendon ko East Kirkby: inda za ka kai yara su ga jiragen yaƙi

Malam, ka tambaya inda za ka kai yara su ga jiragen yaƙi a Ingila, Hendon ko East Kirkby. Tunda Asabar ɗaya gare ka kuma kana da mota, ɗauki yaran nan ka nufi East Kirkby. Na je duka biyun, kuma ban haɗa su ba.

Gidan tarihin sojan sama da ke Hendon a Landan babba ne, shiga kyauta, jirgin ƙarƙashin ƙasa zai sauke ka a Colindale ka taka da ƙafa. Jirage sun fi ƙarfin kallon yini guda, amma duk suna tsaye shiru. Abu ɗaya na yarda ya fi: akwai Hurricane, irin jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Ghana lokacin yaƙin duniya na biyu, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri da Kartum zuwa Masar. In kana son ce wa yara ga irin wanda ya sauka a ƙasarmu, can ne. Ba inda Hendon zai je, ko bayan makaranta sai ku leƙa.

East Kirkby kuwa ƙauye ne a Lincolnshire, tafiyar wajen awa 3 daga Landan, gonaki hagu da dama. Gidan tarihin jiragen da ke can ba na gwamnati ba ne. Wasu 'yan uwa biyu masu kiwon kaji, Fred da Harold Panton, su suka kafa shi saboda yayansu Christopher, wanda ya mutu yana ɗan shekara 19 a harin sama da aka kai birnin Nuremberg na Jamus a ƙarshen Maris 1944, daren da Ingila ta yi asarar jirage sama da 90. Suka sayi wani jirgin jefa bama-bamai ƙirar Lancaster a 1983, suka kawo shi wannan tsohon filin jirgin yaƙi, suka buɗe wa jama'a a 1988. Har yanzu zuri'arsu ce ke riƙe da wurin, kuma kana shiga za ka gane haka.

Jirgin ana kiransa Just Jane. Ba ya tashi, amma yana da rai: ana tayar da injinansa huɗu ƙirar Merlin, ya yi tafiya a kan ciyawa mutane na ciki. Ranar da muka je, sai da na ji ƙarar a ƙirjina tun injin farko bai gama kamawa ba. Ɗana da ya yini yana mitar nisan hanya ya riƙe hannuna gam, bai ce uffan ba har aka kashe. Bayan haka wani dattijo mai aikin sa kai ya tsaya da mu, ya nuna masa inda kowane ɗaya daga cikin mutum 7 na jirgin yake zama, har da ɗan akurkin mai bindiga na can wutsiya, inda yaro matashi yake kwana cikin sanyi shi kaɗai. An ƙera Lancaster 7,377, yau biyu kacal ke tashi, ɗaya a Ingila ɗaya a Kanada, kuma mutanen nan suna ta aikin mayar da nasu sama. Ka hau tsohon benen da ake ba jirage umarni, an gyara shi kamar yadda yake a da. Sannan ka shiga ɗan ɗakin tunawa, inda aka rubuta sunayen waɗanda suka tashi daga filin ba su dawo ba.

Ina roƙonka ka gaya wa yara me jirgin ya ɗauka. Bama-bamai ne, kuma a kan garuruwan Jamus suka faɗa, mata da yara na ciki. Rundunar da ta tuƙa jiragen ita ma ta rasa mutum fiye da 55,000. Kada su dawo da labarin ƙarar inji kawai.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu talla a intanet. Akwai masu yanko gwangwani su manna a katako, su haɗa da wata takarda mai hatimi, su ce ɓallin jirgin yaƙi ne. Lambobin yabo na jabu ma sun cika kasuwa. In yaro ya nace sai ya samu abin tunawa, shagon wurin ya ishe ku. Haka kujerar shiga cikin jirgin: tana da tsada, tana ƙarewa da wuri, don haka duk wanda ya ce yana da ita da rahusa a Facebook, rabu da shi. Daga hannun masu wurin kaɗai ake saya. Ni ma daga waje na kalla, kuma ya wadatar.

Kafin ka kama hanya, duba ranakun da suke tayar da injin, domin ba kullum ba ne, kuma da hunturu jirgin yana rumfa ana gyara. Ku tafi da guzurinku da darduma, da rigar sanyi ko da rana ta fito, don iskar filin ba ta da sauƙi. Ƙaramin cikinsu a nemo masa abin toshe kunne.