Kare mota daga rana: kwali a ciki ko bargo a waje?

A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, motar da aka ajiye a fili sitiyarinta ba ya taɓuwa, dashbod kuma a hankali yake tsagewa.

Wasu kwalin firji ko na talabijin suke yankawa daidai faɗin gilashin gaba, su manna masa takardar alminiyam mai ƙyalli, su jingina shi daga ciki, ƙyallin na kallon waje. Ba mai ɗauke shi, iska ba ta isa gare shi, ana gamawa a naɗe a jefa but. Sai dai rana ta riga ta ratsa gilashi kafin ta same shi.

Tsohon bargo ko farin zanen gado da aka shimfiɗa ta waje, aka datse gefunansa da ƙofofin gaba, ya fi sanyaya mota, tunda tun a waje yake tare rana. Amma fa yana kwasar ƙura, idan aka ja shi da yashi a ƙarƙashi sai ya karce gilashi. Da damina kuwa, jiƙaƙƙen bargo wari yake yi.

A gida bargon ya fi. A bakin kasuwa, kwali.