Sarƙa ko igiyar foliyesta: da me za a ɗaure gari a kan teku?

Duk mai mafarkin gina gari a kan ruwa mai zurfi, sai ya fara warware maganar turke.

Sarƙar ƙarfe da nauyinta take aiki. Ana sake ta ta yi lanƙwasa, sashenta ya kwanta a ƙasan teku. In iska ta tura ginin, sarƙar ta ɗan ɗago, nauyinta ya janyo shi ya dawo. A ruwa marar zurfi ba ta da na biyu. Amma da zarar zurfin ya kai mita dubu, ta zama kaya: ginin ne zai yi dakonta, ga cin fili.

Igiyar foliyesta kuwa ba ta da nauyi sosai a ruwa. A miƙe ake ɗaure ta, tana talewa tana komawa kamar danƙo. Da ita aka riƙe dandalin mai na Perdido a Tekun Meziko, a zurfin kusan mita 2,450. Matsalarta, sama take fizgar anga, wato abin da ke riƙe ta a ƙasan teku, don haka sai an kafa ƙaton bututun ƙarfe, a zuƙe ruwan cikinsa har ya nutse a laka. Yashi ma maƙiyinta ne, yana shiga ya ci zaren, shi ya sa ake haɗa gindinta da guntuwar sarƙa.

Ni dai, a irin wannan zurfi, igiya zan ɗauka.